Takardar Hoton Cikin Mahaifina da Ba Wanda Ya Karanta

Zuwa ga Shugaban wani asibitin kuɗi da ke Dutsin-Ma, wanda zai gane kansa in ya karanta,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Sunana Hadiza, malamar firamare ce ni a Kurfi. Sau biyu na zo ofishinka ana ce mini ba ka nan, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Mahaifina, Malam Iro, manomi ne a Barkiya. Farkon damina ya fara ciwon ciki da baya. Ya ce in ya kwanta rigingine yana jin wani abu na bugawa saman cibiyarsa. Ni na kawo shi asibitinku. Abu biyu nake so ka sani.

Na farko. A ranar aka yi masa hoton ciki, aka sa takardar a fayil. Likitan da ya gan mu bai buɗe ta ba, bai ko ɗora hannu a cikin Baba ba. Ya ce olsa ce, ya rubuta magani. Sau uku muna dawowa, sau uku ana maimaita mana olsa.

Na biyu. Sai bayan an yanke gero wata sabuwar likita ta buɗe fayil ɗin. A gabana fuskarta ta canza. Ta ce babbar jijiyar jinin da ke saukowa daga zuciya ta ratsa ciki ce ta kumbura, kuma tana iya fashewa. Mai hoton ya rubuta haka tun ranar farko, har ya ja layi a ƙarƙashi. Na gani da idona. Ta ce binciken masana ya nuna in an gano da wuri ana sa ido, in ta yi girma a yi tiyata a sa bututun roba, mutum ya koma harkokinsa. In ta fashe kuwa, kaɗan ne ke kai asibiti da rai.

Ta tura mu babban asibiti, aka sa ranar aiki. Saura kwana huɗu Baba ya faɗi bakin rumbu. Kansa na bisa cinyata a mota, muna hanyar babban asibitin, ya cika, ko Kurfi ba mu wuce ba.

Da na koma asibitinku, wani ma'aikacinka ya ce in yi haƙuri, lokaci ne ya yi. Ba shi zai koya mini ƙaddara ba! Ajali na Allah ne, amma damina guda takarda na kwance a fayil, wannan naku ne.

Likitar ta ce cutar na bin 'yan uwa, sai na kai ƙannen Baba hoto. An samu a cikin Baffa Lawal, yanzu ana bibiyarsa.

Ina roƙon ka tilasta wa likitocinka karanta duk hoton da suka sa a yi, su kuma riƙa taɓa cikin dattijo kafin su ce olsa. Ba diyya nake nema ba. Ka zo Barkiya, ko ka aiko likitan nan da ya ce olsa ce, ya faɗa wa mahaifiyata gaskiya da bakinsa. Tunda an ce olsa ce, har yau tana kuka cewa yajin miyarta ne ya kashe mijinta, kuma ta ƙi yarda da maganata.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya tsare iyayenka daga irin wannan.

Wassalam.

Hadiza, 'yar marigayi Malam Iro,
Kurfi.