Buhun Yashin Aji Huɗu

Sheboygan, watan Afrilu

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, gwiwar kuma ta yi sauƙi yanzu da sanyi ya fara ja da baya. Yaya abokan zamanka na gidan tsofaffi? Ka gaishe mini da malamar jinyar nan mai ƙwace maka sigari. Mu nan lafiya ƙalau muke, ni da ƙanena Lyle da matarsa Marcy. Na so in kira ka, amma na san abin jin nan naka yana aljihun tebur ba ya kunnenka, sai dai mu yi ta ihu ba mai fahimtar wani. Don haka ga takarda.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta ta daga sama har ƙasa, tambaya ɗaya ce a ciki ka yi ta juya ta: yaushe zan bar aji huɗu na tseren keke in hau aji uku, na waɗanda suka fi ƙwarewa? Na sani, Baba. Na san kai ka kai aji biyu da keken ƙarfe mai nauyin ƙofar gareji, kana kuma aikin masana'anta. Ka faɗa mana tun muna yara, ba mu manta ba.

Gaskiya ne makina ya isa. Yau in na nema za su ɗaga ni. In kuwa na sake cin tsere ɗaya, ba za su ma tambaye ni ba, dole ne in hau. Ni dai ban shirya ba tukuna.

Ba kai kaɗai ka dame ni ba. Akwai wani mai gyaran famfo, Dombrowski, ƙato mai baki kamar rediyo. Shi ya laƙa mini "buhun yashi", sunan nan da ake ba gardin da ya maƙale a ƙaramin aji yana kwashe kyaututtukan marasa ƙarfi. Ran Lahadi muka fito daga tsere sai na tarar da buhun yashi na gaske a kan motata, an maƙala masa lambata ta tsere. Kowa na dariya. Ya ɗaga murya ya ce, "Curtis, ga ɗan'uwanka nan na kawo maka, ku tafi gida tare!" Wallahi saura ƙiris in ɗura masa yashin a baki. Kuma kyautar da ake ta hayaniya a kai, safa ce da dunƙulen cuku.

Lyle na gaishe ka. Yanzu ni ke ɗaukarsa in za mu tsere, ya ce tuƙi ya gundure shi.

Ka riƙa shan maganinka, don Allah.

Ɗanka,
Curtis

Sheboygan, watan Yuni

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na ji an canza maka ɗaki, Allah ya sa wannan ya fi iska.

Ka kira ni matsoraci. Na ajiye takardar kwana biyu ban taɓa ta ba don kada in rubuta maka abin da zan yi nadama. Ni mai walda ne, Baba, wuta nake riƙewa a hannu tun safe har yamma, ba gudun samari ne zai ba ni tsoro ba. Tunda ka matsa, to ga zancen. Lyle ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, ga shi ka sa na karya.

Ciwon idon Mama ya kama Lyle.

Ka tuna yadda nata ya fara, tana buge ƙofa da kafaɗa, tana zubar da kofin da ke gefen farantinta. Haka nasa. Gabansa yana gani tar, amma gefe da gefe sun rufe, ya ce kamar mutum na leƙe ta bututu. Idon hagu ya kusa tafiya, na dama ne ke riƙe da shi. Marcy ta san da ciwon amma ba ta san ya kai haka ba. 'Yan tsere kuwa ba wanda ya sani. Ranar da suka sani ba mai yarda ya jera da shi a kwanar titi, kuma ba zan ga laifinsu ba.

To ga yadda muke yi. In an tashi sai ya manne wa tayata ta baya, ba ya kallon komai sai ita. Ni ne idonsa na gefe. In na ga wani ya matso ta hagunsa sai in ce "Hagu!", shi kuma ya ɗan karkata dama. In na ce "Dama!" ya karkata hagu. Mutane sun ɗauka surutu ne kawai irin nawa. Dombrowski har kwaikwayona yake yi, wai na zama ɗan sandan hanya.

Yanzu ka gane? In na hau aji uku, tserena daban, nasa daban. Zai shiga tsakiyar garken masu keken nan shi kaɗai da rabin ido, ko kuwa ya rataye keken. Kuma keken nan shi kaɗai ya rage masa. Mota ya bari, farauta ya bari, a wurin aiki sun mayar da shi kan tebur.

Saboda haka da gangan nake bari a cinye ni a tsere. In an kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe sai in kai shi inda ba cunkoso, in dafe cinya in ce jijiya ta ɗaure, ko in ce sarƙa ta yi tsalle. Baba, ka san zafin wannan kuwa? Ƙafata cike da ƙarfi, ina kallon mutanen da na fi suna wuce ni suna haki. Raina ɓaci yake yi har in kasa cin abinci.

Lyle ba wawa ba ne. Ran Juma'a mun je cin soyayyen kifi a zauren coci, sai ya ajiye cokali ya ce, "Yaya, wannan jijiyar taka ta san ƙararrawa ne?" Na ce ya ci kifinsa. Ya ce, "Ni fa ban roƙe ka ka tsaya ba. Kada ka mayar da ni gurgun da ake turawa. Ran da na gane kana ba ni sadaka, ran nan za mu raba hanya." Na yi dariya na ce wa zai ba mummuna irinsa sadaka. Shi bai yi dariyar ba.

Kada ka nuna masa ka sani. Ina roƙonka.

Ɗanka,
Curtis

Sheboygan, watan Yuli

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zafi a can? Nan iskar tafki ce ke ɗan taimakonmu.

Na ga amsarka, kuma na ga inda biron ya huda takardar. Ka ce in sauke shi daga keke yau ɗin nan, ka ce mahaukata ne mu biyun, ka ce ba rayukanmu kaɗai ke kan titin ba. Ban ce ka yi ƙarya ba. Na kuma lura ba ka ƙara zancen aji uku ba, na gode da wannan.

Amma ka ji. Likita ya gaya masa da wuya ya ga bazara mai zuwa da idon tsere. Shekarunsa nawa yana biye da mu, kai da ni, bai taɓa zuwa na ɗaya a tsere ba, ko sau ɗaya. Kullum shi ne ƙanen Curtis, ko ɗanka, ɗan tsoho Zastrow. Akwai tsere ɗaya a watan gobe, zagaye ne a cikin wani ƙaramin gari, kwanoninsa masu faɗi, kuma Lyle na da ƙarfi bana fiye da kowane lokaci. Zan ja shi har bakin layi, in kauce, ya wuce. Shi ya ci, ni ban samu makin da zai ɗaga ni ba. Daga nan in zaunar da shi mu yi maganar dainawa, na yi maka alkawari.

Ba zan gaya masa shirin ba. Ka ji abin da ya ce game da sadaka. Gara ya ɗauka ƙarfina ne ya ƙare.

Ka sa mu a addu'a ran Lahadi.

Ɗanka,
Curtis

Asibiti, watan Agusta

Baba,

Ina gaishe ka. Ina fatan kana lafiya. An ce mini Marcy ta kira gidanku an gaya maka an yi hatsari, amma ban san me ka ji ba, me ya wuce ka. Gara ka ji daga hannuna. Ka gafarci rubutun, a kan cinya nake yi.

Komai ya tafi yadda na tsara har kwanar ƙarshe. Na fito daga kwanar ina gaba, Lyle na manne da ni, Dombrowski da sauran garken na bayansa. Ga layi can ina hango shi. Na taka iya ƙarfina don in yage mu daga mutane, da na ga ya isa sai na karkata hagu na daina taka feda. Hanya ta buɗe masa fetal ta dama. Na juya na ga bai fito ba, yana nan yana kallon tayata kamar kullum. Sai na daka masa tsawa, "Dama! Dama!"

Ni nufina ya wuce ta dama. Baba, tun farkon bazara kalmar nan ma'anarta ɗaya ce a kunnensa: akwai mutum a damanka, kauce hagu. Ni na koya masa. Ya kuwa yi abin da na koya masa.

Tayarsa ta gaba ta shafi tawa ta baya. Ka san wanda ke faɗuwa in haka ta faru. Na ji keken ya yi girgiza a ƙarƙashina, sannan na ji ƙarar nan, ƙarfe da kwalta da mutane. Fuskarsa ce ta fara samun bakin titi. Waɗanda ke bayansa suka bi ta kansa, titin ya toshe gaba ɗaya. Ni kuwa ban faɗi ba. Hannuna ya mutu a kan birki, keken ya yi ta gangarawa da ni, ina waiwaye ina kiran sunansa, har na ji wani ya ɗaga lasifika yana faɗin lambata. Na tsallake layi ban taka ko sau ɗaya ba.

Alƙalan tsere sun duba, suka ce Lyle ne ya bar layinsa. Na ce musu ni ne, na yi ta ihu ni ne, wata mata a cikinsu ta dafa ni ta ce firgita ce, in zauna in sha ruwa. Nasarar tawa ce, in ji su. Shekaranjiya saƙo ya shigo wayata, an ɗaga ni aji uku, har da barka.

Dombrowski ya karye a kafaɗa. Ɗakinsa na ƙasa da namu. Na je gaishe shi ina jiran zagi, har so nake ya zage ni. Bai ce buhun yashi ba, bai ce komai na wasa ba. Ya dai ce, "Curtis, ina bayansa. Ba kowa a damansa. Me ya sa ya kauce?" Na gaya masa. Duka na gaya masa. Sai ya ce, "'Ya'yana uku, ka sani ko?" Ya juya fuskarsa bango.

Marcy ba ta yi mini magana ba tun ranar. In na shigo sai ta ɗauki jakarta ta fita.

Lyle ya karye a muƙamuƙi da haƙarƙari, an ɗaure masa baki da waya, ta tsakanin haƙora yake magana. Ƙashin da ke kewaye da idon dama ya farfashe. An yi aiki, an naɗe, likitoci suka ce sai an kwance za a sani. Jiya da rana aka kwance. Ba na nan, na je gida wanka.

Da na dawo na same shi a zaune an jingina shi da filo, fuskarsa na fuskantar taga. Na ja kujera na zauna daidai gabansa, inda na saba zama don ya gan ni. Na ce, "Mummuna, yaya jiki?" Ya ce, "Wa ya ci?" Na hau gyara masa bargo. Ya ce, "Yaya, tambayarka nake." Na ce ni ne. Ya ce, "Sun ɗaga ka?" Na ce sun ɗaga ni.

Ya ce, "Da ka ce dama, wucewa kake so in yi?" Na ce e. Na fara ba shi haƙuri, na fara bayani, ban ma san me nake cewa ba. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, sai dai ba wajena ya ɗaga hannun ba, wajen ƙofa ya ɗaga.

Ya ce, "Je ka gida, Curtis. Ko ka zauna ba ganinka nake yi ba."

Ban tafi ba, ina nan a baranda. Na tambayi Marcy ta hannun malamar jinya ko zan iya zuwa in ɗauko ka, ta ce to. Ran Asabar zan zo. Ka sa abin jin nan a kunnenka, Baba, don Allah, muryarsa ba ta fita sosai.

Ɗanka,
Curtis