Safar Hannu Marar Yatsu

Fadikpe, Minna
4 ga Nuwamba, 2006

Zuwa ga autata Aziza,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki, da maigidanki Sheshi, da yara. Shekaruna saba'in da huɗu a bana, kuma ba na neman tausayin kowa, ciki har da wadda na goya. Na karanta roƙonki na in rufe gidana in koma wurinku a Jos. Na gode. Amma ni nake dafa tuwona, ni nake sharar tsakar gidana, kuma ƙofar da mahaifinki ya kafa ba za ta ga kwaɗo ba muddin ina numfashi.

Kin ce sanyin Jos yana sandarar miki da hannu a ofis har ki kasa buga takardu. Ga safar hannu nan na saƙa miki da ragowar ulun da na adana tun ina koyar da saƙa a makarantar 'yan mata. Na bar yatsun a buɗe don kada ta hana ki aiki. Na zaɓi baƙi da ruwan toka, domin su suka dace da mace mai mutunci a wurin aiki.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Salamatu Ndaliman

*

Jos
15 ga Nuwamba, 2006

Inna,

Ina gaishe ki da kyau, yara ma suna gaida kakarsu. Safa ta iso, ta zauna mini cif, da ita nake aiki tun ranar Litinin.

Inna, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Babu baƙi a jikinta, babu ruwan toka. Shuɗi ne da kore, sai layi biyu na ja a wuyan hannun hagu. Na kuma ƙirga wuri tara da zare ya kuɓuce. Ke da kike sa ɗalibai su warware rigar jariri sukutum saboda kuskure guda! Har rubutunki ya fara sauka daga kan layi.

Tun yaushe idon yake haka? Na daina maganar ki dawo nan da zama, wallahi na daina. Amma ki bari in zo ƙarshen wata in kai ki wurin likita. Wa ke duba miki magungunanki kafin ki sha?

'Yarki,
Aziza

*

Fadikpe, Minna
6 ga Disamba, 2006

Aziza,

Ina amsa gaisuwarku. Wasiƙarki ta ɓata mini rai kwana biyu cur. A rana ta uku na kai gwangwanin uluna wurin maƙwabciyata Liyatu, na ɗaga dunƙule ɗaya na tambaye ta launinsa. Ta ce, "Malama, ai shekara biyu ke nan ina ba ki amsa in kin gaida bishiyar gwandata kina zaton ni ce." Ban yi dariya ba a lokacin.

Ƙirgarki daidai ce, kuma ni na koya miki ita. Tsoron da na ɓoye shi ne in na furta, za ku ɗauke ni kamar tsohuwar tabarma.

Na aika miki saƙo kada ki zo ne don ba na so ki bar aikinki da yaranki. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe mini gani. Ban nemi shawarar kowa ba. Liyatu ta raka ni asibiti ranar Talatar makon jiya, an cire ta dama, an ba ni ranar cire ta hagu bayan Sallah. Da aka buɗe bandejin, fuskar Liyatu na fara gani. Ashe ita ma ta tsufa, ba wanda ya gaya mini.

Ki zo da yara in an yi hutu, ina so in gan su. Za ku same ni a gidana.

Mahaifiyarki,
Salamatu Ndaliman