Baba Ya Rufe Madubin Shagonsa

Daga ofishin Babban Likita mai kula da lafiyar matafiya, zuwa ga mai jego.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da ɗan baƙon da Allah Ya ba ku. Allah Ya raya shi, Ya ba ki lafiyar shayarwa. Mutanen gidanku suna nan kalau. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi, Gwaggo ta warke daga mura, surutu ya dawo sabo, ƙanenki kuwa yaron kirki ne, kowa ya shaida. Saura mahaifinki, kuma saboda shi na bar marasa lafiya a layi na ɗauki biro.

Kin tuna da kika aiko masa ya zo ya ga jikansa, kika ce sauron garinku ba irin wanda ya sani ba ne, lallai ya fara shan maganin rigakafin zazzaɓi tun kafin ya hau jirgi. Mai kantin magani ya jera masa iri uku a kan tebur. Na farko kullum ake sha, yana ƙona ciki idan babu abinci, kuma ba ya shiri da zafin rana. Na biyu shi ma kullum ne, bai cika damun mutum ba, sai dai tsada. Na uku sau ɗaya a mako, amma wasu yana sa su jiri da munanan mafarkai da tsoro. Da aka kira ki a waya kika ce a ba shi na mako, don kin san shi da mantuwa. Magana ta gaskiya kika yi. Abin da ba ki lissafa ba shi ne, a gidanku maganin zazzaɓi hanyar shansa ɗaya ce tun kuna yara: safe da yamma, kwana uku, a gama. Mai kanti ya yi bayaninsa, mahaifinki yana gyaɗa kai, hankalinsa na kan takalmin da zai saya wa jariri. Ya zo gida ya dubi ƙwayoyin, ya ce yaran yanzu komai sai sun ja shi, ya kama sha safe da yamma.

Wallahi ba zan manta da abin da ya biyo baya ba. Ran nan da hantsi yana cikin shagonsa na aski, ya zaunar da mai gyaran famfo a kujera, ya shafa masa kumfa, ya aske masa rabin kai. Sai ya tsaya cak, aska a hannu, ya ƙura wa madubi ido. Ya cire tawul daga wuyan mutumin ya rufe madubin da shi, ya ce akwai waɗanda ke leƙensa ta baya suna jira ya juya. Mai famfo ya ɗauka wasa ne, har ya yi dariya, sai ya ga askar tana karkarwa daf da kunnensa. Ya sulale daga kujera ya yi waje, rabin kai fes, rabi kumfa. Da na iso na tarar da Baba a ƙasa tsakanin kujera da bango, ya riƙe ƙafar kujerar da hannu biyu, yana cewa shagon juyawa yake, a tsayar da shi. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne Kaka, shi ne ya kama rigata yana roƙona kada in tafi in bar shi.

Mun kai shi asibiti. An auna zuciyarsa, an sa masa ruwa, aka ce ya auna arziki. An ce maganin ba ya fita daga jiki da wuri, sai an yi haƙuri, kuma kada ya ƙara kai ko rabin ƙwayarsa baki, yanzu ko nan gaba. Tafiya ba ta fasu ba, a ɗaga ta kaɗan, idan ya miƙe a zaɓa masa ɗaya cikin biyun can. Yanzu jirin ya ragu, yana cin abinci, sai dai idan ƙofa ta yi ƙara sai ya zabura.

To ga inda matsalar take. Ya ce kuskuren nasa ne, ba na magani ba, kuma abin da ’yarsa ta zaɓa masa shi zai sha, yanzu da ya gane sau ɗaya ne a mako. Ragowar ƙwayoyin ya ɓoye su, Umma ta zazzage jakar tafiyarsa har cikin safa, ba ta gansu ba. Ya ce Juma’ar nan zai ci gaba. Ya kuma hana kowa gaya miki, wai idan kika ji za ki ce ya zauna, shi kuwa ya ƙudurta sai ya yi wa jikansa askin fari da hannunsa. Umma ta yi masa magana, Gwaggo ta yi, Kawu ya zo takanas ya yi. Ya ce duk cikinsu babu wanda ya aiko masa da tikitin jirgi sai ke. Ke kaɗai zai ji. Ki kira shi kafin Juma’a, kada ki yi masa faɗa, kada kuma ki zargi kanki. Ki ce kin canza ra’ayi, ya miƙa wa Umma ƙwayoyin kina kan waya, kuma ki ce gashin yaro zai jira shi.

Ki gaida maigidanki da Inna mai taya ki jego, ki shafa kan jariri. Umma da Gwaggo da Kawu suna gaishe ki, ko da yake ba su san an rubuta ba.

Yaya, na san tun daga tsakiya kin gane babu wani Babban Likita. Ni ne, Auta. Sau nawa na tsokane ki da labarin ƙarya har kika daina buɗe saƙona, shi ya sa na ari kujerar manya. Wannan karon ba wasa ba ne. Ki zage ni daga baya, amma ki fara kiran Baba.

Naki,
Auta