Ruwa Saba'in da Huɗu

Rosna, Wisconsin
10 ga Yuli, 1988

Delphine tawa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, yaya jikin ƙanwarki Loretta? Allah ya sa aikin da likitoci suka yi mata ya zama ƙarshen wahala. Ki ce mata ta rage yi wa masu jinya faɗa, ba su suka sa mata ciwon ba. Ni lafiyata ƙalau, sai kewa. Kin san yadda injin tsaga katako ya cinye mini kunne, waya ba ta yi mini amfani, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin ce in riƙa ba ki labarin tafki. Zafin ruwa digiri saba'in da huɗu a awon Fahrenheit, kifi kuma suna ci kamar ba gobe. Ina buga gwangwanin abincinsu a jikin gada sai ki ga ruwa ya yi rawaya da bayansu. Allon da kika kafa a rumbu yana nan, na haddace shi kamar addu'a: daga sittin da takwas zuwa saba'in da shida gwangwani huɗu, in ya kai tamanin a raba biyu, in ya wuce tamanin da huɗu a rufe buhu. Na ɗan ƙara musu kaɗan, don ina so ranar suyar kifin coci a ga kifin perch ɗin da ba a taɓa gani ba.

Maƙwabcinmu Norbert ya leƙo jiya, ya ce, "Len, kifi kake kiwo ko alade?" Na ce masa ya je ya ji da masararsa da fari ya ƙone. Zafi kam ana yin sa, rabonmu da ruwan sama tun kafin ki tafi.

Ki kwantar da hankalinki ki yi jinya. Kifin mahaifinki Baba Ambrose suna hannu nagari.

Mijinki mai kewarki,
Leonard

*

31 ga Yuli

Delphine tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Loretta. Na ji daɗi da kika ce ta fara takawa zuwa bakin ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi.

Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya yi mini yawa. Tumatirinki sun nuna, na kai wa Stella Bembenek kwando guda. Ta ce in gaya miki tana sa ki a addu'a, ke 'yarta ta baftisma. Kare ya taka ƙaya amma ya warke. Limamin cocinmu Fada Roman ya sa an rubuta sabon allo na suyar bana, da manyan baƙaƙe: Kifin tafkin Ambrose Kluck, shekara ta talatin da biyar.

Kin tambayi ruwa. Saba'in da huɗu ne. Kada ki yi gaggawar dawowa saboda suya, na ɗauki nauyin komai. Loretta ta fi bukatarki.

Ba na samun barci sosai, amma zafi ne.

Naki,
Leonard

*

14 ga Agusta

Delphine,

Ina fatan kina lafiya, ke da Loretta. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, kuma kada ki karanta a gabanta.

Na yi miki ƙarya sau biyu a takarda. Tun ranar da kika hau mota ma'aunin zafi yana rataye a ƙusarsa, ban tsoma shi a ruwa ba sai da aikin gama ya gama. Hannu nake sawa in ce ai da sanyinsa. Saba'in da huɗu ɗin nan daga kaina na ciro shi, don shi ne adadin da na san zai faranta miki rai. Kuma ba kaɗan na ƙara musu ba. Gwangwani takwas nake zubawa, wata rana tara.

Norbert ya yi mini magana har sau uku. Na ƙarshen ya ce, "Wai kai ba ka ganin ruwan nan ya koma kore kamar miya? Ka rufe buhun nan, mutumina, ka kunna injin buga ruwa kifi su samu iska." Na ce masa shekara talatin da huɗu ina auren tafkin nan, ba shi zai koya mini ba. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

A makon ƙarshe na Yuli aka yi kwana biyu ana hadari ba ruwa ba iska. Kifin sun rage ci, abinci yana nutsewa yana ruɓewa a ƙasa, ni kuwa sai na ɗauka ƙyuya ce, na ci gaba da zubawa. Ran ashirin da bakwai da gari ya waye na sauko da gwangwanina, na tarar da su duka a sama, bakuna a buɗe, suna haƙilon shaƙar iska. Na ruga na kunna injin, ya ƙi tashi, don ban taɓa duba shi ba tun bazara. Kafin Norbert ya jawo famfonsa da tarakta, tafki ya yi fari fat da cikkunansu. A ranar ne na sauko da ma'aunin daga ƙusa. Tamanin da bakwai ya nuna.

Manyan matan kifin nan da kike ajiyewa don ƙwai su suka fara mutuwa. Ni na tsamo su da hannuna, jikokin jikokin waɗanda mahaifinki ya kawo a garwar madara. Mun haƙa rami a ƙarshen gonar masara muka binne su. Norbert ya taya ni har muka gama, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kwana huɗu bayan haka na zauna na rubuta miki labarin tumatir da ƙafar kare.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Maimakon in je in gaya wa Fada, sai na tuƙa mota har birni, inda ba wanda ya san ni, na sayo daskararren kifi kwali goma sha biyu. Na narkar da shi a rumbu, na ƙone kwalayen, na jera shi a tirenki na ƙarfe na lulluɓe da ƙanƙara, na kai ɗakin girkin coci shekaranjiya Juma'a ina murmushi.

Stella ce a bakin kasko, kamar kowace shekara. Ta ɗauki yanka ɗaya ta juya fatar, ta matsa da yatsa, ruwa ya fito. Ta jefa a mai, ya yi ta tsartuwa yana nannaɗewa. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Leonard, wannan kifin ya sha tafiya." Na ce zafi ne ya sa su laushi. Ta ce, "Ɗana, ina suyar kifin Ambrose tun kana neman auren 'yarsa da aron takalmi. Miƙo mini garin."

Ta soya shi duka, ba ta gaya wa kowa ba. Mutum ɗari uku suka ci da wainar dankali da kwaɗon kabeji. Fada ya miƙe ya ambaci sunan mahaifinki da naki, ya ce a tafa wa Delphine da take nesa amma kifinta ya zo. Aka tafa, Delphine, har da masu buga tebur. Wasu tsofaffin kuwa na ga suna tauna a hankali suna kallon juna. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da aka watse Stella ta ajiye mini faranti a gabana ta ce, "Ci, kai ka kawo. Ni bakina a rufe yake. Amma yarinyar nan, matarka, ni na riƙe ta ranar baftisma. Ka rubuta mata kafin Litinin, ko ni in rubuta."

Kada ki ɗauka tsoron Stella kaɗai ya sa ni rubutu, ko da yake yana ciki. Na yi ta tambayar kaina me ya kai ni. Kin san mu takwas ne a gidanmu, kuma tukunya ba ta zagayowa sau biyu. Har yau in na ga baki a buɗe hannuna ba ya iya tsayawa. Amma wannan rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne, shekara talatin da huɗu ana kirana mijin 'yar Ambrose. Na so ki dawo ki tarar da kifin da ya fi naki girma, a ce na Len ne. Na so in fi ki, a kan abin da mahaifinki ya bar miki. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma kunyarsa ta fi ta kifin birni.

Ban ce ki yafe mini ba, don ban ga fuskar roƙo ba. Ki dai sani daga bakina.

Mijinki, in har kina so,
Leonard

*

25 ga Agusta

Delphine tawa,

Ina gaishe ki da kyau. Madalla da jin an sallami Loretta, Allah ya ƙara mata ƙarfi.

Katinki ya iso ran Litinin. Na juya shi gaba da baya ina neman sauran magana, babu sai layi biyu. Kin ce ruwan tafkin nan bai taɓa tsayawa a saba'in da huɗu mako uku ba tun da aka haƙa shi, kuma kin zauna jiran ranar da zan gaya miki da kaina. Sannan kin ce in je bakin idon ruwa in duba. Ashe tun wasiƙa ta biyu kin sani, kika ci gaba da wanke ƙanwarki da juya ta a gado da wannan a ranki, ni kuma ina nan ina ƙona kwali. Na karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙa.

Ban taɓa zagayawa can ba tun ranar da kifin suka mutu, don ba na son kallon tafkin. Na bi ta cikin ciyawa zuwa kusurwar arewa inda ruwan sanyi yake ɓulɓulowa ƙarƙashin itacen nan da kika hana ni sarewa. Na kwanta rub da ciki na leƙa. Kifin da suka tsira suna nan, Delphine, sun cunkushe a wuri ɗaya kamar tumaki a inuwa. Ni da Norbert muka ja ƙaramar raga a hankali da sassafe muka ƙirga muka mayar. Arba'in da ɗaya ne. Bakwai manyan mata ne, har da mai tsagaggen wutsiyar nan da kike cewa ta fi ni wayo. Ban yi miki ƙari ko na ɗaya ba, Norbert shaida ne.

Ran Lahadi bayan sujada, ana shan kofi a ɗakin ƙasa na coci, na miƙe na faɗi komai, har da kwalayen. Na ce tafin da aka yi ba a kan kifinki aka yi shi ba, kuma ba ki da hannu a ciki. Can sai wani tsoho ya ce, "To ai mun sani, harshenmu bai mutu ba." Aka yi dariya, ni ban iya ba. Na roƙi Fada ya ba ni allon nan mai sunan mahaifinki, na kawo shi rumbu na jingina fuskarsa ga bango. Ba za a sake kafa shi ba sai ranar da kika ce. Norbert ya ce ko da ƙwai ya yi kyau a bazara, sai an shekara uku kafin a samu na suya. Yanzu in ya gan ni sai ya ce, "Ina kwana, mai alade?" Ina amsawa.

An gyara injin, ina kunna shi kullum. Kwana biyu ke nan da ruwa ya sauko ƙasa da tamanin. Tafkin da ke cin gwangwani huɗu yanzu cikin tafin hannu ya ishe shi. Ina watsa musu, su cinye, su tsaya suna kallona da bakunansu. Sai in sa hannu a aljihu in juya. Ban san abu mai wuya kamar wannan ba, amma ina yi.

Stella ta ce kin buga mata waya, za ki iso ran Asabar a motar ƙarfe huɗu. Zan zo tasha. In ba ki son yi mini magana a hanya, ba komai, zan tuƙa kawai. Na share hanyar da ta bi ta gefen gonar masara, ko za ki so ki ga inda muka binne kifin.

Ruwa yau da safe saba'in da takwas ne. Na tsoma ma'aunin har tsawon igiyarsa, na jira minti biyu kamar yadda kike yi, na sa tabarau na duba. Sannan na sake tsomawa.

Mijinki,
Leonard