Iskar Mota a Tayar Keke

Litinin, 3 ga Maris

Sun rufe titin. Da safe na sauko daga bene na tarar an kakkafa turakun ƙarfe a bakin layi ta kowane gefe, mota ba shiga ba fita. Sun rataya wani ƙyalle wai "Mu Farfaɗo da Birninmu". To wa ya suma? Ni dai na san annoba ta zo, an kulle mu a gida, mun binne waɗanda muka binne, da aka buɗe na koma kan facina. Ban suma ba. Yanzu ne suke neman sumar da ni. Mai facin tayar mota a titin da aka hana mota bi, ina amfaninsa?

Alhamis, 6 ga Maris

Ta zo. Yarinyar da hukumar birni ta ɗora a kan aikin, injiniya ce wai. Kullum da taswira a hammata, shi ya sa na laƙaba mata 'Yar Taswira. A kan keke ta zo, da hular kwano, sai murmushi take kamar mai tallar man goge baki. Ta ce, "Baba, iska za ta gyaru, yara za su samu wurin wasa." Na ce, "'Yata, ni iska nake sayarwa, kuma kin kore mini masu saye." Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Wai zaɓi biyu gare ni. Ko in koma rumfunan da suka gina wa masu gyaran mota a babban titin bayan gari, ko in zauna nan in koma gyaran keke. Keke! Da furfurata.

Talata, 11 ga Maris

Ko taya ɗaya. Na kunna injin iska don kawai in ji ƙararsa, na kashe.

Asabar, 15 ga Maris

Suna fasa kwalta a gefen titi suna dasa itatuwa. Wasu 'yan tsinkaye, kowanne an ɗaure shi a jikin sanda kamar mai karaya. Ɗaya daidai ƙofar shagona, inda nake kafa jak ɗin ɗaga mota. Mai askin da ke kusa da ni har ya fito da benci waje, ya sayi tukunyar furanni. Munafuki. Shi me ya dame shi, ai gashi ba a mota yake zuwa ba. Ya ce mini, "Maƙwabci, ka rage fushin nan, hawan jini ba ya sallama." Na ce ya ji da almakashinsa.

Wanda 'Yar Taswira ta ɗora wa shayar da itatuwan ya nemi in riƙa zuba wa na ƙofata ruwa. Ko ɗigo. Ya bushe mana, ni na kawo shi?

Asabar, 22 ga Maris

Yaya ya zo. Ya ce in daina ɓata lokaci, ya riga ya kama mini rumfa kusa da tasa a bayan gari, akwai ɗaki biyu a bayanta da za mu zauna. Tireloli da tankoki ba sa yankewa, in ji shi, hannuna ma sai ya gaji. Na ce na amince. Ƙarshen wata mai zuwa zai turo motar kwashe kaya.

Na hau sama na gaya wa maman yara. Tana zaune bakin taga tana tsince wake. Ta ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Shi ke nan. Tun da ciwon nan ya kwantar da ita lokacin annoba ƙirjinta bai koma daidai ba, magana ma a taƙaice take yi. Likita ya ce huhun ne ya yi tabo.

Juma'a, 28 ga Maris

Tagar ɗakinmu a buɗe na same ta. Tun da aka sallamo maman yara daga asibiti ba ta yarda a buɗe, hayaƙin salansa na tayar mata da tari. Na ce wa ya buɗe? Ta ce ita. Na rufe, na ce ƙurar masu haƙa za ta shigo. Gaskiya ba wata ƙura. Haushi kawai nake ji.

Laraba, 2 ga Afrilu

Sun shafa wa rabin titi koren fenti, wai hanyar kekuna. Yanzu daga safe sai ƙararrawa, ƙiling ƙiling, kamar an saki awaki. Ma'aikatan ofis da kwat a kan keke, ba kunya. Uku suka tsaya yau suna tambaya ko ina faci. Na nuna musu allon shago na ce su karanta da kyau, MOTA aka rubuta.

Laraba, 9 ga Afrilu

Yau na sha kunyar da ban taɓa sha ba, kuma ita ta jawo.

'Yar Taswira ta turo kekenta, tayar baya ta yi laushi. Ta ce, "Baba, iska kawai, don Allah, taro nake sauri." Ga mutane cike a bencin mai aski. Na so in ce ba na yi, sai shaiɗan ya raɗa mini in nuna mata bambancin sana'a da wasan yara. Na kunna inji, na jawo tiyo, na danna a bakin tayar ina kallonta ido cikin ido, ina ce mata wannan injin tayar tirela yake cikawa, ba irin wannan tarkacen ba. Ban kai ƙarshen maganar ba sai ji na yi fau! Tayar ta tarwatse, roba ta mare ni a kumatu. Hannuna ya saba da mota, inda kake danna ka jira. Keke ba ya jira.

Dariya har da masu riƙe ciki. Mai aski ya fito da reza a hannu yana cewa, "An kai hari ne?" Abin da ya fi ƙona mini rai, mahaifina gyaran keke ya yi har ya bar duniya, a gabansa na koyi faci. Shi da babban yatsa yake gane iska ta isa. Na yi shekaru ina murnar na wuce nan, ga shi ko wannan ɗin ban iya ba yanzu.

Ita kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba ka ji ciwo ba dai, Baba?" Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce ta bar keken zan sa sabuwar taya, ba na son alfarmar kowa. Ta tafi a ƙasa da taswirarta.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Duk layin sun ji. Yanzu "Mai Bam" suke kirana. Allah ya kai mu ƙarshen wata in bar musu titinsu.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na sa tayar. Sai da na rufe ƙofar shago tukuna. Na aro famfon hannu wurin wani mai kai saƙonni, na ce masa ƙwallon jikana zan hura. Da ta zo ɗauka ta fara godiya, na ce ta kwashe abinta ta ba ni wuri.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ina zaune ina korar ƙuda sai ga maman yara a ƙofar shago. Ita kaɗai ta sauko benen. Na miƙe a firgice na ce lafiya? Ta ce, "Ƙafa zan ɗan miƙe." Ta tafi har turakun ƙarfen can ta dawo, tana tsayawa tana dafa bango, amma ta je ta dawo. Rabon da ta taka titin nan da ƙafarta tun kafin kulle. Matar mai aski ta rungume ta har da hawaye.

Na ce mata maganin da aka canja mata ne ya karɓe ta. Ta ce, "Ƙila." Maganin ne mana. In ba shi ba mene ne, waɗannan tsinkayen?

Litinin, 21 ga Afrilu

Wani ya zuba wa itacen ƙofata ruwa. Na san ko wace ce, ai ɗaki ɗaya muke kwana.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na kai maman yara ta ga sabon wurin. Rumfar ba laifi, Yaya bai yi ƙarya ba. Muna tsaye tireloli biyu suka tsaya neman iska, har hannuna na ƙaiƙayi. Raina ya yi fari, rabon da in ji haka an daɗe. Ina ta zuba, nan zan ajiye inji, nan jak, can allo.

Da na waiwaya tana jingine da bangon ɗakin, ta toshe hanci da gefen mayafi, idanunta sun yi ja. Hayaƙin wurin har a harshe kake jin sa. Tarin ya kama ta tun a can, a motar haya ma bai sake ta ba, sai da direba ya tsaya ta shaƙi abin feshinta na numfashi. Hawa benenmu kuwa kusan ɗaukarta na yi.

Da numfashinta ya dawo, abin da ta fara cewa shi ne, "Wurin ya yi kyau, Baban yara. Za ka samu aiki sosai." Na yi mata tsawa na ce ta yi shiru ta huta. Ban san me ya sa na yi tsawar ba. Da ma ta roƙe ni ne, ko ta yi mini gori, da na san abin da zan ce.

Talata, 29 ga Afrilu

Ba ta sauko ba tun ranar. Ta fara ɗaure kwanuka a kwali. Na ce wa ya sa ki? Ta ce ai gobe motar za ta zo.

Lahadi, 4 ga Mayu

Motar ba ta zo ba, ni na hana. Na ce wa Yaya ƙasan rumfar ba a daidaita ba, jak zai iya zamewa. Ya ce, "Ƙasan ne ko kai?" Ya kashe waya. Zai huce.

Ban yafe musu ba, kar ma wani ya ɗauka. Sun kashe mini sana'a da fenti da murmushi, kuma duk ranar da na ga shugabansu sai na faɗa masa. Allon shagon ma ban taɓa shi ba. Kawai dai mutum ba zai zauna hannu rabbana ba, shi ya sa jiya da wani malamin makaranta ya turo kekensa na ce ya ajiye in duba, in na ga dama.

Yana tsaye ina neman inda robar cikin tayar ta huje na rasa, siririya ce, kunnena kuma ya saba da hucin manyan tayoyi. Sai ga maman yara ta sauko da bahon wankinta da ɗan ruwa a ciki, ta ajiye a gabana. Na tsoma robar, kumfa ya taso. Ta ce, "A hankali dai, Mai Bam, bahon nan ɗaya gare ni." Ashe har ita ta ji sunan.

Na ɗaure fuska. Ita kuwa ta zauna a kan tsohuwar tayar tirela tana ta dariya, malamin ma ya kama. Na tsaya da roba a hannu ina jiran tarin ya katse ta. Har ta gama dariyarta ta share ido bai zo ba.