Gadar Ƙofar Gidanmu

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin maigidan, ya yara da zafin Marwa? Mu a nan unguwar Briqueterie lafiya, sai takaici.

Gadar katakon ƙofar gidanmu da ruwa ya cinye, mun gaji da jira mun haɗu mun zuba ta siminti. Shekaranjiya ma'aikata suka zo suka fasa, wai ba izini! Na je ofishin magajin gari, aka ce ba su da iko, sai minista, shi ma umarni yake jira daga fadar shugaban ƙasa. A kan gadar da ba ta kai tsawon tabarma ba! Yanzu Baba a ɗaki yake salla, ba ya iya tsallake kwata zuwa masallaci.

Ki gai da Inna Asabe. Ku sa mu a addu'a, ita kaɗai ce ba ta jiran sa hannun minista.

Ƙaninki,
Sani