Dangwale da Baƙin Mai

Kaduna

Zuwa ga Yaya Tambari,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da su Rahina. Tunda aka rufe layukan waya a Zamfara hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Yaya, kamfaninmu na haɗa motoci yana shirin durƙushewa. In gwamnati ba ta tallafa ba, mu ɗari huɗu za a sallama. Muna tattara sa hannun direbobi mu kai wa kwamitin gwamnati. Kai ne shugaban tashar Kaura, ga fom shafi goma, don Allah ka cika mini. Shekara sha shida ina ɗaura inji, ban iya komai ba sai shi.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Imran

Kaura Namoda

Imran,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna na gaishe ka.

Na karanta wa direbobi, suka yi mini caa. Hashimu ya ce gwamnatin da ta kasa tsare hanyar Shinkafi, ita za ta tsare kamfani? Malami ya ce wa ya taɓa sayen sabuwar motarku a tashar nan, duk 'yan Kwatano muke ja. Ni ma ra'ayina ke nan, a fara da hanya. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na bi su ɗaya-ɗaya har Zurmi, da roƙo da ban-baki, na samu mutum ɗari da ashirin. Yawanci dangwale suka yi. Tawada ta gagara, sai muka tsoma yatsa a baƙin man garejin marigayi Baba. Ya fito raɗau.

Allah ya dafa.
Tambari

Kaduna

Yaya,

Bayan gaisuwa. Haba Yaya, baƙin mai? Kafin takardun su iso ya bi shafi goman nan ya jiƙe su, suna da dangwale duk sun zama tabo ɗaya. Sakataren kwamiti ya ɗaga da yatsa biyu ya ce wannan ai tsumman gareji ne. Aka yi mini dariya.

Ba zan ɗora maka laifi ba, dama sun riga sun yanke hukunci. Ranar Litinin aka sallame mu. Na ji haushinka kwana biyu, amma na kasa yar da takardun, warin garejin Baba suke yi. Wallahi ban san inda zan dosa ba.

Ka gaida Inna, kada ka faɗa mata tukuna.
Imran

Kaura Namoda

Imran,

Salam. Na ji kunya, ka yafe mini.

Inna ta riga ta sani, ita ta ba ni makullin gareji. Mutum ɗari da ashirin ɗin nan, babu wanda motarsa ke sati ba ta lalace ba. Na goge sufanun Baba.

Ka biyo Hashimu ranar Laraba. Ya ce ka zauna gaba, ka saurari injinsa a hanya.

Yayanka, Tambari